Abin da Ya Kawo Daga Teku

Ottavio bai taɓa harba bindiga ba.
Shekara ashirin da biyu yana sojan ruwa,
amma teku ta bayan ƙarfe yake jin motsinta,
can ƙasa, hawa huɗu ƙarƙashin rana,
inda tukunyar tururi ke gurnani
har mutum ba ya jin tarin kansa.

Aikinsa bututu.
Ya kwance farin naɗin da ya tsufa,
ya kankare, ya kwaɓa sabo a bokiti da hannu,
ya shafa kamar mai yaɓe.
Asbesto.
A lokacin sunan bai fi na siminti ban tsoro ba.
Ya ce in suka fasa tsohon naɗi
ɗakin inji kan yi fari fat,
sai Gerlando, ɗan tsibirin Lampedusa,
wanda bai taɓa riƙe dusar ƙanƙara ba,
ya dunƙula ya jefi Settimio a ƙeya.
A nan suke dariya. A nan suke gutsurar burodi.

Ni kuwa jira nake jirgi ya shigo La Spezia.
Jakar wanki yake fara miƙo mini, kafin kumatu.
In fita baranda in kakkaɓe shuɗin wandon,
fat, fat,
ƙurar ta tashi tana ƙyalli cikin hasken safiya,
Ilaria na rarrafe a gindin ƙafata.
Har kyau take yi mini, ƙurar nan.
Wannan ne ban gaya wa lauya ba.

Ba ta da gaggawa.
Ta bari ya yi ritaya, ya karɓi fansho,
ya dasa lemon tsami a tsohuwar garwa,
ya aurar da 'ya, ya goya jika a wuya.
Shekara talatin da takwas tana kwance a huhunsa
kamar mai bin bashi da ya san gidan.

Matakala ce ta fara tona asiri.
Taki talatin da ɗaya ne zuwa ƙofarmu;
sai ya tsaya a na sha biyu,
wai yana duba akwatin wasiƙun maƙwabta.

Gerlando ya riga shi. Settimio ya bi da kaka.
An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta
ka shafa wa naka ruwa.
To, wane ruwa?
Wannan ai maganin wuta ne aka ba su,
don kada jirgi ya ƙone.
Jirgin kuwa bai ƙone ba.
An yanka shi an sayar da ƙarfen tun tuni.

Likita ta ɗaga hoton ƙirji a jikin fitila,
ta tambaye shi, ka taɓa aiki a jirgi?
Ya gyara zama, ya ce, babban makaniki.
Da alfahari ya faɗa, wallahi.

Takardar neman diyya shafi tara ce.
Wane jirgi, wace shekara, awa nawa a rana.
Robar iska a hancinsa,
ya lissafa mini bututu ɗaya bayan ɗaya,
da lambar kowane bawul,
yana hutawa tsakanin kalma da kalma,
ni ina rubutawa a teburin kicin.
Bai manta ko ɗaya ba. Yana son injin nan.

Ya tafi a Fabrairu, da asuba, taga a buɗe,
domin kullum cewa yake iskar ɗakin ta yi kaɗan.
Amsar kotu ba ta zo ba tukuna.
Lambar yabonsa na cikin aljihun tebur
tare da tsofaffin batura da makullin da ba mu san na ina ba.

Lemon ya yi 'ya'ya bakwai bana.
Jiya na hau da kwandon kasuwa,
na tsinci kaina a taki na sha biyu
ina karanta sunayen maƙwabta.
Ranar Alhamis zan ga likitar.
Na ce wa Ilaria haƙori ne.